Gari Ya Tashi, Kanti Ya Ƙi

Tangen, Saskatchewan
Litinin, 20 ga Satumba 1909, da yamma

Masu awon layin dogo sun kafa turakun tasha, amma ba a nan ba. Can arewa suka kafa, ƙetaren fadama, tafiyar awa guda a keken doki, a wani fili da ba kowa sai kurege.

Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Garin da jirgi ba ya tsayawa, wa zai kawo masa alkama? Tun kafin rana ta yi tsaka na ga Cyrus Tull mai aski yana auna gindin shagonsa da igiya, har da fito.

Ni dai ban damu ba. Na rubuta ne don in na tsufa, na zama Eskil Brandvold ɗin da ake koyar da zanensa a makarantu, a san cewa ranar da labarin ya zo ban damu ba.

Gaskiya ne a duk Tangen gini ɗaya ne ba na katako ba, kuma ni na zana shi. Kantin Rustad: bene, jan bulo, tagogi masu baka, gilashin gaba da ya fi ƙofar coci faɗi. Shi ne ginina na farko, in ban da rumbuna biyu da bayin makaranta, wanda ba na sa wa cikin lissafi. Mista Gunder Rustad katako ya so, kamar kowa. Hunturu guda na yi ina bin sa ina cewa katako na mai shirin gudu ne, bulo na wanda ya zo zama. Maganar ta shige shi, har ranar buɗe kanti ya maimaita ta gaban jama'a kamar daga kansa ta fito. A ranar ce kuma ya ba ni 'yarsa Ragna. An sa biki watan Nuwamba.

Iska daga yamma.

Talata, 21 ga Satumba, da hantsi

Na tarar da Mista Rustad tsaye a tsakiyar titi, hannu a aljihu, yana kallon kantin tun daga ƙasa har sama.

Na ce, "Barka da asuba, Baba." Tun watan Yuli nake ce masa Baba, bai taɓa hanawa ba.

Ya ce, "Yaro, nauyinsa nawa?"

"Nauyin me?"

"Wannan."

Na faɗa masa. Ina jin da ban faɗa da alfahari haka ba da ya fi. Ya gyaɗa kai, ya shige ciki, ya rufe ƙofa a hankali. Ƙofar tana rufuwa da kyau, ko ƙara ba ta yi.

Alhamis, 23 ga Satumba, da yamma

An yi taron gari a coci. Magana ɗaya ce: a tashi ko a zauna. Na miƙe na yi jawabi. Na ce in muka dage, kamfanin zai ga cewa garin da ke da gini irin wannan ba garin da za a tsallake ba ne.

Tull ya ce daga baya, "Farfesa, jirgi ba kallon gini yake zuwa ba."

Aka kwashe da dariya, har fasto ya rufe baki da littafin waƙa.

Da aka ɗaga hannu, mu biyu ne muka ce a zauna, ni da tsoho Halldor. Daga baya na ji shi ya ɗauka maganar sabuwar rijiya ake yi, kunnensa ya daɗe da mutuwa.

Lahadi, 26 ga Satumba, da rana

Na ci abinci a gidan Rustad. Wato dai an zuba abinci.

Lahadi, da yamma

Ba zan rubuta ba.

Litinin, 27 ga Satumba, da safe

Misis Dovhan, mai gidan da nake haya, ta ce tabon romo yana fita daga kwalar riga in an sa gishiri da ruwan sanyi. Ba ta tambayi yadda romo ya kai bayan wuya ba. Na gane ta riga ta ji.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu a aljihun falmarana wanda a da a yatsan Ragna yake zama. Ba shi da nauyi. Ban damu ba.

Laraba, 29 ga Satumba, da hantsi, a kan hanya

Rubutun nan zai karkace, domin gidan tafiya yake yi.

Otto Kessel ya bar sussukar alkama, ya koma jan gidaje da injinsa na tururi. Manoma na zaginsa, shi kuwa sai ƙiba yake ƙarawa. Jiya ya cusa gungume biyu ƙarƙashin gidanmu, yau da safe ya ɗaura sarƙa ya ce kowa ya fito. Misis Dovhan ta leƙo ta taga da ludayi a hannu.

"Ka ja abinka. Na ɗora miya."

"Uwargida, in murhun ya kife fa?"

"Na baro ƙasata, na ƙetare teku, na binne miji. Ban taɓa sauke miya ba ta nuna ba. Ja!"

Ya ja. Ga mu nan muna tafiya kamar kunkuru, hayaƙi na fita ta bututu, kaji na bin mu a baya suna ƙorafi. Gabanmu shagon maƙeri, bayanmu gidan waya, ma'aikacin na zaune a bakin ƙofa yana buga hatimi kamar ba abin da ya faru.

Na zauna ta tagar baya. Dole in faɗi gaskiya: tun da aka kawar da shagon Tull, sai yanzu ake ganin gefen gabas na kantin yadda ya kamata. Duk gidan da aka ja, kyansa ƙara fitowa yake. Na faɗa wa Misis Dovhan haka.

Ta dire mini kwanon miyar kabeji, rabi ya zube saboda gargada. Ta ce, "Ɗana, kana da kai, amma ban san me ka zuba a ciki ba. Namiji ya zauna kusa da yarinyar da zai aura, uban yarinya ya rasa inda zai sa kansa, a tambayi saurayin ko ya yi nadamar ginin bulo, sai ya buɗe baki ya ce duk duniya ba abin da ya fi so kamar—"

Na ce ba haka na faɗa ba.

"To yaya ka faɗa?"

Na sha miyata.

Asabar, 2 ga Oktoba, da yamma

Sabon gari: turaku, ƙura, ƙarar guduma. An ajiye gidanmu yana kallon bayan gidan maƙeri. Kessel ya ce juyawa aiki ne daban.

Na ja shi gefe na nuna masa lissafina. Na ce a manyan birane ana ɗaga ginin bulo a tura shi kan gungume, na karanta da idona.

Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa. Ya ce, "Farfesa, ni gida nake ja. Wannan naka dutse ne mai taga."

Amma na ga idonsa. Mutum ne da ba ya son a ce akwai abin da injinsa ya kasa. Sunan matarsa ya sa wa injin, kuma injin ya fi jin daɗinsa.

Litinin, 4 ga Oktoba, da rana

Mista Rustad ya yarda a gwada. Muna tsaye mu uku, kafaɗata har tana gogar tasa, ya dubi Kessel ya ce, "Ka gaya wa mai zanen, in ya faɗi, ya tabbata yana ciki."

Kessel ya juyo ya ce, "Ya ce in ya faɗi—"

Na ce na ji.

Juma'a, 8 ga Oktoba, da almuru

Tun Talata ake haƙa ƙarƙashin bango ana cusa katakai. Yau aka yi gwajin. Ban gayyaci kowa ba, amma gari gaba ɗaya ya dawo tsohon wuri da barguna da kwandunan abinci, har malamar makaranta ta saki yara.

An sa jak na ɗaga kaya masu nauyi a kusurwa huɗu, aka fara murɗawa. Muna murɗawa ina auna bango, bango bai ɗaga ba. Muka ƙara murɗawa, sai na lura mazan da ke murɗawar ne ke ƙara durƙusawa. Ashe jak ɗin ne ke nutsewa cikin ƙasa.

Kessel ya ce wannan wasan yara ne. Ya ɗaura sarƙa a babban katakon da ke ƙarƙashin ƙofa, ya haɗa da dawakai iya waɗanda aka samu aro, ya hau injin ya ja usur. Ƙasa ta girgiza, mata suka toshe kunne. Can sai muka ji wani ƙara kamar an cire wa giwa haƙori, katakon ya fito fit, ya taho da matakalar gaba da tabarmar goge ƙafa, injin ya yi gaba da su a guje Kessel na ihu. Jama'a suka tashi suna tafi. Tsoho Halldor ya tambayi ko an samu ruwa.

Kantin bai motsa ba ko da faɗin farce. Sai wani tsagi da ya tashi daga tagar hagu ya nufi sama. Siriri ne, in ba ka san yana nan ba da wuya ka gani. Kowa ya gani.

Ragna ta kafa tebur tana sayar da kofi da gurasa mai kirfa. Na shiga layi kamar kowa. Da na iso ta zuba mini ba ta ɗago ba.

"Sukari, Mista Brandvold?"

Ta san ba na shan sukari. Na ce e. Cokali uku ta zuba. Na shanye tas a gabanta.

Asabar, 9 ga Oktoba, da safe

Ban damu ba. Iska.

Litinin, 11 ga Oktoba, da yamma

Ragna ta kafa tanti a sabon gari, tana kwaso kayan kanti da keken doki, sawu bayan sawu. Ubanta yana zaune a kan akwati a bakin tantin yana kallon kudu. Ya rame. An ce ba ya cin abinci, kuma wannan ba abin dariya ba ne, domin duk abin da ya tara tun zuwansa ƙasar nan a cikin bangon can yake.

Na bi ta sawu ɗaya ba tare da an kira ni ba. Na ɗauki gangar ƙusa, abin da ya fi komai nauyi, don ta gani. Ba ta gani ba, tana naɗe yadi. A hanya muka zauna gefe da gefe a kan keken har muka kai fadama. Fadamar ta bushe ƙurmus bana, ciyawa har ƙugu.

Na ce, "Bana ba ruwa."

Ta ce, "Haka ne, Mista Brandvold."

Na ce, "Abin da na faɗa ranar Lahadi—"

Ta ce wa doki, "Hai!"

Bayana na ciwo.

Laraba, 13 ga Oktoba, da rana

Aiki ya fara zuwa, in wannan aiki ne. Manajan banki na son ginin katako a lulluɓe shi da kwano mai zanen bulo, "yadda daga nesa ba mai ganewa." Tull kuma na son a ɗaga fuskar shagonsa ta yi kamar bene, da tagogi biyu na ƙarya a sama, a zana musu labule da fenti.

Na ce, "A bayan tagogin me za a sa?"

Ya ce, "Sama, Farfesa. Sararin Allah. Ko haya ba a biya."

Sannan ya ƙara da cewa in tabbata na bar wurin sa gungume a ƙasa, don ba a san gobe ba.

Na gaya musu ni ba mai zanen ƙarya ba ne. Ban yi karatu a Minneapolis don in zana labule ba.

Alhamis, 14 ga Oktoba, da safe

Labulen ya fi kyau da ɗan naɗi a gefe. Na yi masa kore.

Asabar, 16 ga Oktoba, da yamma

Mista Rustad ya fara sabon kanti. Bai nemi mai zane ba. A wurin masu sayar da katako ya zaɓi hoto daga cikin littafinsu, yadda ake zaɓen takalmi. Akwati ne mai ƙofa. Na wuce ta wurin sau da yawa yau, bisa larura. Ƙofar ba ta tsakiya. Na dai tsaya na dube ta yadda kafintan zai gane.

Ya ce, "In ba ka da aiki riƙe mini nan."

Na riƙe.

Lahadi, 17 ga Oktoba, bayan coci

Cocin yana tsakiyar fadama tun ranar Juma'a, gungume ɗaya ya karye, sai gobe za a ƙarasa da shi. A can aka yi sujada, a karkace. Duk wanda ya saki littafi sai ya gangara wajen mata.

Daga nan na ƙarasa tsohon gari da ƙafa. Ba abin da ya rage sai ramukan gidaje da tulin gwangwani da kantin. Yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, rana na dukan bulon, ja wur. Na hau ta inda matakala take a da. Kantocin jera kaya fayau, ƙamshin kofi da sabulu bai gama fita ba. Tantabaru sun shiga sama. A kan teburin ciniki akwai wurin da katako ya yi santsi, inda Ragna take dafa gwiwar hannu in tana jiran mai saye. Ni na zana teburin, amma wannan santsin ba ni na zana ba.

Na daɗe a wurin. Mura ce ke damuna, ita ta sa idona ruwa.

A hanyar dawowa na hango hayaƙi can nesa, kudu maso yamma. Na dubi sabon gari, katako a kan katako, duk ɗanyen fenti da ɓarɓashin katako. Wani tunani ya zo mini game da abin da wuta ke ci da abin da ba ta ci, da fuskar Tull in hakan ta faru. Ban rubuta tunanin ba. Ni Kirista ne.

Talata, 19 ga Oktoba, da yamma

Hayaƙin na nan. Allah ya yafe mini tunanin Lahadi.

Laraba, 20 ga Oktoba, da safe

Iska ta juya. Daga kudu.

Juma'a, 22 ga Oktoba, da rana

Hannuna a naɗe yake, don haka a hankali.

Jiya da hantsi rana ta koma ja, toka ta fara sauka a kan shanya. Wani manomi ya shigo a sukwane ya ce wutar ta tsallake rafi. Za ta fara isa tsohon gari, sannan fadama, sannan mu. Duk mai garma ya fita yin huɗa kewaye da gari don a tare ta, mata suka cika ganguna suna jiƙa buhuna. An rufe yamma, an rufe gabas, amma ta kudu, bayan makaranta da gidajen da aka ajiye na ƙarshe, akwai wani giɓi babba da ba a kai gare shi ba.

Mista Rustad ya fito da dawakansa biyu da garma. Ƙafarsa ba ta barinsa bin garma. Ya miƙo mini linzami, ni da kaina, ba ta bakin Kessel ba.

Ya ce, "Rufin tsohon kantin kwalta ne, daɓensa katako. In ka tafi yanzu za ka kewaye shi kafin ta iso. Kai ka zana shi. Ka yi yadda ka ga dama."

Na karɓa. Na kora su kudu. A ƙarshen titi hanya ta rabu, ɗaya ta miƙe tsohon gari, ɗaya ta yi kwana ta bi bayan makaranta. Daga wurin ina hango shi ta cikin hayaƙi, ƙarami, ja.

Dawakan ne suka yi kwana, suka nufi bayan makaranta. Dawakan Rustad taurin kai gare su, kowa ya sani.

Ban taɓa riƙe garma ba a rayuwata. Ta ja ni, ta kayar da ni, ta sake ja na. Huɗar da na yi kamar sawun maciji. Tull yana bayana da shebur yana tari yana cewa, "Jama'a ku zo ku ga mai zanen da ba ya iya jan layi!" Amma bai bar bayana ba, duk inda na tsallake yana cikewa. Na je na dawo, na je na dawo, ban san sau nawa ba. Wutar ta shigo fadama da wani irin ruri kamar jirgin da muke jira. Zafi ya ƙone mini gira. Sai na ji an maka mini jiƙaƙƙen buhu a baya, an sake makawa.

"Eskil! Wandonka na ci! Tsaya mana, Eskil, wawa kawai!"

Na tsaya. Ragna ce, ta ci gaba da duka, ina jin har bayan wutar ta mutu ta ƙara biyu ko uku. Ban yi ƙorafi ba.

Wutar ta zo bakin huɗar nan tawa mai kama da maciji, ta yi ta lasa, ta rasa abin kamawa, ta bi gefe ta wuce gabas. An rasa tarin ciyawa da yawa da ɗakin kajin fasto. Ba a rasa rai ba. Tagogin ƙaryar Tull ko toka ba su yi ba.

Asabar, 23 ga Oktoba, da yamma

Mun je tsohon kantin mu biyu da Mista Rustad. Ƙasa baƙa ƙirin iya ganin ido. Rufin ya tafi, daɓen ya tafi, matakalar bene da teburin ciniki da gilashin duk sun tafi. Bango huɗu ne a tsaye, baƙaƙe, ana hango sama ta tagogi.

Ya sauka, ya zagaya da sandarsa, ya ƙwanƙwasa bango nan da can. Ya daɗe.

Ya ce, "To. Bai dai gudu ba."

Ban san wanda ya fara ba. Muka yi ta dariya har ya zauna a kan dokin ƙofa yana share ido da hula, ni kuma tawa dariyar ta juye ta zama wani abu, ya yi kamar bai lura ba. Da muka lafa ya zaro burodi da cuku daga aljihu, ya raba biyu, ya cinye nasa, ya kuma cinye rabin nawa.

A hanya na ce, "Baba, ƙofar sabon kantin ba ta tsakiya."

Ya ce, "Yaro, kada ka ɓata rawarka da tsalle."

Talata, 26 ga Oktoba, da hantsi

Tun bayan wutar ba mai iya barci da bututun kwano a cikin rufin katako, ga sanyi ya kawo kai. Misis Dovhan ce ta fara. Ta je ta tsaya a kan Mista Rustad ta ce bulon can zaman me yake yi, ita bututun hayaƙi take so na gaske. Kafin yamma maƙeri ya zo, malamar makaranta ta zo, fasto ya zo. Mista Rustad ya ce musu su tambayi mai zane.

Na ce a ba ni zuwa safe. Da safe na ari guduma da kurfi, na hau tsani ta gefen da ya tsage. Bulon farko ya ƙi fita, na ji daɗin hakan. Na biyu bai yi gardama ba.

Juma'a, 29 ga Oktoba, da yamma

Kekunan doki na ta kai da kawo. Kowane gida na zana masa nasa daban, ban ga dalilin da zai sa bututun hayaƙi ya zama mummuna ba. Na Misis Dovhan da ɗan baka a sama. Kessel ya ce ai ga shi an kwashe kantin, da ma shi ya ce za a iya.

Tull na son guda biyu, ɗaya na gaske ɗaya na ado. Na ce masa na adon sai dai ya zana da fenti.

Abin nan na aljihuna na nan. Ragna ta koma ce mini Eskil, amma daga nan ba a ƙara komai ba. Misis Dovhan ta ce in yi shiru in jira, abin da ta ce ban taɓa gwadawa ba.

Litinin, 1 ga Nuwamba, da safe

Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka. Daga tsohon kantin saura bangon arewa, iya ƙirji.

Ina tsaye a titi ina kallon hayaƙi na tashi daga rufi zuwa rufi, sai Ragna ta fito daga sabon kanti da mayafi a ka ta ce in zo in ɗaga mata wani abu. Na bi ta baya. Akwai wani tuli lulluɓe da tamfol. Ta yaye. Bulo ne, jajaye, an kankare su tas, ba ko ɗaya mai gutsure. Na gane su, na bakan tagogin gaba ne, waɗanda na zaɓa da hannuna. Kwana da kwanaki ina neman inda suka shiga, har na zargi Kessel.

Ta ce, "Baba bai sani ba. Akwai fili bayan makaranta, daidai inda ka yi wannan abin da kake kira huɗa. Gidan katako ne, kada ma ka fara. Ɗaki biyu da kicin. Amma murhu nake so na bulo, babba, tun daga ƙasa har sama, wanda ba mai iya ɗagawa."

Ta miƙo hannun hagu, ba ta cire safar hannu ba sai da ta ga na gama lalube aljihu uku ina neman zoben.

Na ce, "In kamfanin ya sake shawara fa, ya mayar da tasha wani wuri?"

Ta ja tamfol ta rufe bulonta, ta danne gefen da dutse.

"Sai jirgin ya tafi shi kaɗai."